Ƙofar Baya Ba Ta Buɗewa Daga Ciki

Auta ya haura shekara arba'in, furfura ta fara cin gefen kansa, amma ko 'ya'yansa in suna son tsokanarsa Baba Auta suke ce masa. Gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki ne sana'arsa. Shagonsa ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin wani bene, cike da matattun firij da masu su suka kawo suka manta da su. Shekara da shekaru a babur yake bin gidajen mutane, tukunyar gas a ɗaure a baya, jakar kayan aiki tsakanin cinyoyinsa. Ranar da tukunyar ta kwance ta faɗi a tsakiyar titi, ta yi ta birgima har ƙarƙashin wata tirela, ya koma gida ya ce wa matarsa mota zai saya ko da ta kwali ce.

Yayansa ne ya haɗa shi da dillalin. Yaya mai walda ne, ƙaton mutum, kunnensa na hagu ya daina ji saboda ƙarar guduma, shi ya sa in yana gaisuwa ma sai ka ɗauka faɗa yake yi. Shi ya riƙe Auta tun rasuwar mahaifinsu, kuma har yanzu bai yarda ƙanen nasa zai iya sayen takalmi shi kaɗai ba tare da an cuce shi ba.

Wajen dillalin wani fili ne da aka kewaye da waya, ga motoci a jere, ga wata tsohuwar kwantena da aka mayar ofis. Dillalin siriri ne, mai yawan murmushi, yana ta kaɗa makullai a yatsa. Ya kai su gaban wata mota ruwan toka, fentinta na sheƙi, ya ce shekararta uku da ƙerawa. Kuɗin da ya ambata kuwa bai kai na sa'o'inta ba ko kusa.

Auta ya shiga ya kunna, idonsa ya faɗa kan mitar da ke nuna nisan tafiyar da mota ta yi. Ya ƙura mata ido, ya sake karantawa.

"Malam, motar nan shekararta uku ko goma sha uku?"

"Ka ga amfanin gaskiya ke nan," in ji dillalin. "Da wani ne, kafin ka zo ya mayar da lambar baya, ka saya kana godiya. Ni ban taɓa ta ba. Motar kamfani ce, doguwar hanya take bi. Doguwar hanya ai ba ta tsufar da mota, hutu ne a wajenta."

Yaya ya ɗaga bonet, ya kara kunnensa mai ji kusa da injin, ya daɗe a haka. Ya leƙa ƙasa, ya daki tayoyi da ƙafa, sannan ya miƙe yana kakkaɓe hannu.

"Injin lafiya lau yake. Mita za ka hau ko mota? Saya kawai."

Auta ya zagaya ya shiga baya. Kujerar ta lotsa kamar katifar gidan haya, gilasan baya baƙaƙe ne, ga wani turare mai ƙarfi da ke hawa kai. Da ya zo fita ya ja hannun ƙofa, ta ƙi buɗewa. Ya matsa ɗaya ɓangaren, ita ma haka. Ya danna maɓallin gilas, shiru. Sai da ya yi ta ƙwanƙwasa gilashin kafin Yaya ya lura, ya buɗe masa daga waje yana dariya har da riƙe ciki.

"Makullin yara ne ya maƙale," in ji dillalin. "Kowane makaniki zai gyara maka kana tsaye."

Matar Auta ma da ta ji, cewa ta yi a bar shi haka, ko ba komai ƙaramin ɗansu ba zai buɗe ƙofa ana tafiya ba. Auta ya ce zai dai kai a duba, ya yi ta cewa gobe.

Motar ba ta ba shi matsala ba. Da safe ya sauke yara a makaranta, ya wuce aiki da tukwanen gas biyu a but ɗin bayan motar, na sanyi da na walda. Yaya kuwa duk inda ya zauna sai ya ba da labarin yadda ya zaɓa wa ƙanensa mota da kunne ɗaya.

Wata ranar da rana ta take, wata mata ta zo shagon. Ƙanƙara take sayarwa, babban firij ɗinta ya mutu, kayanta suna narkewa. Ba ta da yawan magana, mayafinta a ja har kunci, amma duk da haka ana ganin wani dogon tabo daga gefen idonta zuwa haɓa. Auta ya yi mata tambayoyi ya gane injin firij ɗin ne ya ƙone. Ya ɗauko wani ya ɗora a kujerar gaba don kada ya kife, ya buɗe mata baya ya ce ta shiga ta nuna masa hanya. Ta tsaya ta dube shi, ta dubi shagon da maƙwabtansa, sannan ta shiga. Jakar kayan aikinsa na ƙasa kusa da ƙafarta.

Da farko tana cewa bi dama, bi hagu. Can sai ta yi shiru. Da suka doshi mahaɗar bakin kasuwa ya tambaye ta ina za su bi, ba ta amsa ba. Ya duba madubi ya ga ta ɗaga kai tana kallon rufin motar, inda yadin ya yage a wasu layuka dogaye, kamar an ja shi da farce. Ta ɗaga hannu ta ɗora yatsunta a kan layukan. Daga nan ya ji tana jan hannun ƙofa, tana ja da ƙarfi.

"Baiwar Allah, ƙofar ba ta buɗewa ta ciki, bari in tsaya in..."

Bai ƙarasa ba. Wani abu mai nauyi ya sauka a bayan kunnensa, duniya ta yi fari. Babbar sifanarsa ce ta zaro daga jaka. Duka na biyu ya same shi a kafaɗa, na uku a hannun da ya ɗaga ya kare kansa. Ƙafarsa ta danne totur maimakon birki. Motar ta haye gefen titi, ta kwashe teburin wani mai kayan marmari, ta je ta daki turken fitila ta tsaya.

Matar ta fasa gilashin baya da sifanar, ta fito ta tagar da kai, gilas na yankar hannayenta, ta faɗo ƙasa tana ihu.

"Su ne. Motar ce. Motar da aka jefo ni ce, ku taimake ni."

Babu wanda ya nemi ƙarin bayani. A 'yan shekarun nan kowa a garin ya san labarin masu ɗaukar fasinja kamar motar haya, su rufe ƙofa, su kwashe abin da ke jikin mutum, su wurgo shi titi mota na gudu. Kusan kowane layi a kasuwar nan akwai wanda aka yi wa ɗan'uwansa haka, wasu ma gawa aka tsinto.

Auta yana ƙoƙarin kwance bel aka buɗe ƙofarsa, aka finciko shi ta wuyan riga. Ya faɗi a kan kwalta mai zafi. Ya buɗe baki zai ce shi mai gyaran firij ne, takalmin wani ya rufe masa bakin, ya ji haƙoransa sun zubo a kan harshensa. Daga nan bai ƙara bambance masu dukan ba. Ƙafafu kawai yake gani, da silifas, da gindin wanduna. Wani ya zo da katakon teburin da ya karye yana sauke masa a haƙarƙari. Wani ya taka masa hannun dama, ya ɗaga bulo ya sake shi a kai, Auta ya ji ƙarar ƙashin kafin ya ji zafin. Ya dunƙule ya sa kai tsakanin gwiwoyi, aka ja ƙafafunsa aka miƙe shi. Yana jin wani yana tambaya ina sauran abokansa, wani yana cewa a kawo taya, wani kuma yana dariya. Dariyar ce ta fi tsaya masa a rai daga baya.

An rataya masa tayar a wuya, warin fetur ya cika masa hanci, sai ya ji wani nauyi mai laushi ya faɗo a kansa. Wata dattijuwa ce mai shagon lemo a bakin kasuwar, mace mai jiki, wadda ya sha gyara wa firij. Ta kutsa cikin mutane ta kwanta a kansa, tana huci.

"Ku ƙone mu tare. Na san shi, mai gyaran firij ne. Na san shagonsa, na san yayansa. Kai, ɗan gidan waye kai? Ajiye jarkar nan."

An ja ta, ta ƙi sakinsa. Wani ya zabga mata katako a baya, ta yi ƙara amma ba ta tashi ba. Waɗanda suka rasa hanyar kaiwa gare shi suka koma kan motar. Suka farfasa sauran gilasan, suka tuttula mata fetur ɗin, wani ya ƙyasta ashana. Auta, da idonsa ɗaya da bai rufe ba, ya ga wuta ta kama kujeru tana bin baya. Ya so ya ce akwai gas a but, jini kawai ya fito daga bakinsa.

Ƙarar ta girgiza rumfunan kasuwar. Murfin but ɗin ya tashi sama ya faɗo a kan wata rumfa, ɓarɓashin ƙarfe ya watsu. Wani saurayi da ke tsaye kusa ya zauna a ƙasa yana kallon cinyarsa da ta buɗe. Jama'a suka tarwatse, kowa ya yar da abin da ke hannunsa. Da 'yan sanda suka iso, ba su tarar da kowa ba sai dattijuwar, da saurayin, da matar mai ƙanƙara a zaune a bakin kwata, da Auta.

A asibiti ya farka, hannun dama a naɗe cikin filasta har gwiwar hannu, na hagu a ɗaure da ankwa a jikin gado. Matarsa na gefe, idanunta sun kumbura. Ita ta kwashi takardun cinikin ta kai wa 'yan sanda, aka ga watanni bayan an jefo matar ne Auta ya sayi motar. Aka kwance ankwar, babu wanda ya ce masa a yi haƙuri. Jami'in da ke binciken ya gaya musu motar dai ita ce, lambarta kawai aka canza. Tafiyar da mitar ta nuna ba ta doguwar hanya ba ce, zagayen gari ne tun safe har dare, ana neman wanda zai tsayar.

Yaya ya zo kullum, amma ba ya zama. Sai ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin ya dubi hannun, ya ajiye abin da ya kawo ya fita. Mutumin da ake jin muryarsa daga farkon layi ya koma ba ya magana.

Bayan an sallami Auta aka kira shi ofishin 'yan sanda ya ba da bayani. A kan bencin baranda ya tarar da mai ƙanƙara, hannayenta duka a naɗe da bandeji. Ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Sun daɗe ba wanda ya dubi wani.

"Motar ce," in ji ta a hankali. "Ni na yaga rufin nan da hannuna, lokacin da suke ja na."

"Na sani. An gaya mini."

"Ina da ciki a lokacin."

Aka kira ta ciki, ta tashi ta wuce ta gabansa.

Da ya fito ya tarar da Yaya a waje a kan babur. "Hau," ya ce. Auta ya hau. Sai da suka wuce kwanar gida bai karya ba, sannan Auta ya lura da guntun rodi da aka cusa a gefen kujera. Ya gane inda za su. Yana iya taɓa kafaɗar Yaya ya ce su koma, amma bai taɓa ba.

'Yan sanda sun riga sun kira dillalin sun sake shi, don ya ce shi ma saya ya yi a hannun wasu da bai san inda suke ba. Suka same shi a cikin kwantenar yana shan iskar fanka. Da ya gan su ya miƙe da murmushinsa, ya fara jajantawa. Yaya ya ja ƙofar ƙarfen ya rufe, ya sa sakata.

Dukan farko da Yaya ya kai da rodin a gwiwa ya same shi. Dillalin ya zube tsakanin tebur da kujera, makullan motoci suka watse a ƙasa. Yaya ya kama shi ta ƙafa ya jawo shi fili.

"Motar kamfani ko? Wane kamfani?"

"Wallahi ban sani ba, Yallaɓai, haka aka ce mini."

Rodin ya sake sauka, a ƙwauri. Dillalin ya yi wata irin ƙara, ya kama ƙafar tebur. A waje masu wanke motoci sun fara dukan ƙofa.

"Wa ya kawo ta?"

"Wasu ne su biyu. Sauri suke yi, ba su yi ciniki ba. Ban tambaye su komai ba."

"Ƙofar fa?"

"Na ga an cire wayar ciki. Na gani." Yana kuka yanzu, majina da hawaye sun haɗu. "Kujerar baya akwai jini, ni na sa aka wanke, na fesa turare. Na ɗauka hatsari suka yi. Don Allah, ina da iyali."

Auta yana tsaye a jikin bango tun da suka shigo. Tunda yake bai taɓa ɗaga hannu ya mari wani ba, ko 'ya'yansa uwarsu ce ke hukunta su. Ya tuna ƙaramin ɗansa yana barci a kan kujerar nan, kuncinsa a manne da yadin. Bai san lokacin da ya taka ya isa ba. Ya ɗaga ƙafa ya sauke takalminsa a bakin dillalin. Ya sake. Ya ji abu ya karye a ƙarƙashin diddigensa, ya ci gaba, yana wani gurnani da bai taɓa jin ya fito daga ƙirjinsa ba. Dillalin ya daina kare fuska, hannayensa suka saki.

Yaya ne ya yar da rodin ya rungumo shi ta baya, ya ɗaga shi sama kamar yaro.

"Ya isa. Auta, ya isa. Za ka kashe shi."

Ya zaunar da shi a kan kujera, ya durƙusa ya cire masa takalman da suka jiƙe, ya cire nasa ya sa masa, shi kuma ya tura ƙafafunsa cikin na Auta duk da sun yi masa kaɗan. Sannan ya zare sakatar, ya buɗe ƙofa, ya ce wa masu wankin mota su kira 'yan sanda su kuma nemo motar asibiti.

Dillalin bai mutu ba. An ɗaure masa muƙamuƙi da waya, ƙafar kuma ba ta koma daidai ba. Ya ce bai tuna komai ba bayan dukan farko, ko kuma ya zaɓi kada ya tuna, tunda yanzu shi ma yana da tambayoyin da zai amsa game da jinin kujera. A kotu Yaya ya ce shi kaɗai ya yi komai, ƙanensa mai karyayyen hannu ko tsayuwa da ƙyar yake yi. Alƙali ya juyo ya tambayi Auta ko haka ne. Auta ya dubi yayansa, Yaya ya zare masa ido irin na lokacin da suke yara. Auta ya ce haka ne. Aka yanke wa Yaya shekara biyu. Waɗanda suka kawo motar ba a kama su ba, haka waɗanda suka dake shi a bakin kasuwa.

Da aka cire filastar, yatsu uku sun ƙi lanƙwasa. Auta ya koyi riƙe abin walda da hagu, aikin awa ɗaya ya koma na yini. Ya daina zuwa gidaje sai dai a kawo masa shago. Gida biyu yake ciyarwa yanzu, nasa da na Yaya. Dattijuwar mai lemo takan aiko masa da masu neman gyara, in ya je gode mata sai ta ce ya rufe mata baki, bayanta ma bai gama warkewa ba.

Duk ranar ziyara yakan shiga bas ya je gidan yarin. Yaya ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, amma muryar ta dawo, har gandirobobi sun saba da ita. Auta ya taɓa fara cewa zai je ya faɗi gaskiya, Yaya ya juya masa kunnen da ba ya ji har ya gama.

"Yaran suna zuwa makaranta?"

"Suna zuwa, Yaya."

"An rufe injin waldana da leda? Kada ruwa ya shiga."

"Na rufe."

"Kawo hannun."

Auta ya zura hannun dama ta tsakanin ƙarafan. Yaya ya juya shi, ya duba tabon ɗinkin, ya sa ƙaton yatsansa a tafin.

"Matse."

Auta ya matse iya ƙarfinsa, har jijiyar wuyansa ta tashi. Yatsu biyu ne kawai suka motsa. Yaya ya dubi hannun.

"Ya fi na wancan zuwan," ya ce. "Ka ci gaba da gasa shi da ruwan zafi."

Gandiroba ya buga ƙarfe alamar lokaci ya yi. Yaya ya saki hannun ya miƙe, ya bi layin sauran fursunoni, Auta kuma ya fita ya tsaya jiran bas.